Idan Gobara Ta Cinye Gida, Laifin Kamfani Ne Ko Na Mai Amfani Da Kaya?

Da zarar hunturu ya kama, labarin gobara ba ya yankewa. Jinka ta bushe, darni ya bushe, ga iska na kaɗawa, ga jama'a na neman jin ɗumi har a kwana da garwashi a ɗaki. A birane kuma ga risho, ga tukunyar gas, ga hita da dutsen guga da akan manta a jone har a kawo wuta da tsakar dare. Idan abin ya faru, maƙwabta su fito da bokitai, 'yan kwana-kwana su iso in akwai hanya, gari ya waye a shiga jaje. A ce tsautsayi ne, Allah ya mayar da alheri, a kwashe toka a sake gini.

To, a wasu ƙasashe, musamman Amurka, maganar ba ta ƙarewa a wurin jaje. Mai gida yakan ɗauki lauya ya kai ƙarar kamfanin da ya ƙera abin da ake zaton shi ya tayar da wutar, ya nemi diyyar gidansa da kayansa da lafiyar iyalinsa. Sau da yawa ma ba mai gidan ne ke kai ƙarar ba. Kamfanin inshora ne, wanda ya riga ya biya mai gida asararsa, yake neman ya fanshe kuɗinsa daga wurin maƙerin kayan. Shi kuma kamfanin da ake ƙara ba ya naɗe hannu. Yana da nasa lauyoyin, kuma akwai hanyoyin da suke bi wajen kare shi. Sanin waɗannan hanyoyi zai amfani duk mai gida, domin su ne ke nuna abin da kotu ke dubawa bayan wuta ta mutu.

Inda Dokar Ta Samo Asali

A da can, mutum ba ya iya ƙarar kowa a kan kayan da ya saya sai wanda ya sayar masa hannu da hannu. Maƙeri yana can nesa, babu ciniki tsakaninsu, saboda haka babu magana. Abin da ya rushe wannan katanga shi ne wata shari'a da ta taso daga garin Paisley na ƙasar Sikotland. A 1928 wata mata ta sha lemon citta da wani ya saya mata a kanti. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Matar ta ce da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi ya fito, daga baya ta kwanta ciwo. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka ba ta da ciniki da kowa. Duk da haka, a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani ta ce wanda ya haɗa abu ya rufe shi ya aika kasuwa, wajibi ne ya kula da lafiyar wanda abin zai ƙare a hannunsa. Kotunan Najeriya suna aiki da wannan hukunci.

A Amurka an ƙara gaba. A 1963 kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya, a shari'ar wani mutum da injin kafinta ya cilla masa katako a goshi, ta ce ba sai mai ƙara ya nuna kamfani ya yi sakaci ba. Ya isa ya nuna cewa kayan na da aibi, kuma aibin ne ya cuce shi. Yawancin jihohin ƙasar suka bi wannan layi.

Aibin da ake nufi iri uku ne. Akwai wanda ke shiga wajen ƙira, wato an ƙera dubu lafiya amma guda ya fito da waya a kwance ko bututu a tsage. Akwai aibin tsari, inda duka dubun suke da haɗari domin tun a kan takarda aka zana su haka. Na ukun shi ne rashin gargaɗi: kayan lafiya lau, amma ba a faɗa wa mai saye inda haɗarinsu yake ba.

"Ba Daga Kayanmu Wutar Ta Tashi Ba"

Wannan ce maganar farko da lauyan kamfani ke yi, kuma sau da yawa a kanta shari'a ke mutuwa. Dalili kuwa, gobara takan cinye shaidar kanta. Wanda ya sha lemo mai ƙazanta yana da kwalba a hannu. Wanda gidansa ya ƙone ba shi da komai sai gawayi da narkakkiyar roba. Ganin ƙonannen firji a cikin toka bai nuna firjin ne ya kunna wutar ba. Mai yiwuwa ne shi ma wutar ce ta iske shi a inda yake, kamar yadda ta iske gado da akwati.

Saboda haka kowane ɓangare yakan ɗauko masanin binciken gobara. Aikinsa na farko shi ne gano inda wuta ta faro, kafin a yi maganar abin da ya kunna ta. Wuta sama take yi tana buɗewa, don haka takan bar tabo a jikin bango mai tsini a ƙasa da faɗi a sama, kamar an kafa ƙaramin mazurari. Tsinin yakan nuna wajen da abu ya ci. Masanin yakan auna zurfin ƙunar katako, ya duba wane gefen kujera ya fi cinyewa, ya tambayi wanda ya fara ganin hayaƙi ta wace taga ya gan shi. Ƙarafa ma suna ba da labari. Sanholo yana narkewa a zafin digiri 660, jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki kuwa sai zafi ya kai digiri 1,085. In aka tarar tukunyar sanholo ta narke a wannan kusurwa, ta waccan kusurwar kuwa ba ta narke ba, an sami abin dubawa.

Amma fa waɗannan alamu suna yaudara, kuma lauyan kamfani ya san haka sarai. Idan wuta ta daɗe a rufaffen ɗaki, zafin da ya taru a rufi yakan sa duk abin da ke ɗakin ya kama a lokaci guda. Daga nan wuta ba ta ƙara bin inda ta faro, sai ta bi inda iska ke shigowa. Sai a tarar bakin ƙofa ko gindin taga ya fi ko'ina ƙonewa, alhali wutar daga can ƙuryar ɗaki ta taso. Haka kuma ɗan dunƙulen da akan gani a bakin wayar lantarki, wanda ke nuna wayoyi biyu sun haɗu sun yi tartsatsi. A da akan ce ai ga mai laifi nan. Yanzu an gane cewa wutar da ta zo daga wani wuri ma, in ta cinye robar da ke jikin waya, wayoyin sukan haɗu su bar irin wannan dunƙule. Dunƙulen ya nuna akwai lantarki a wayar a lokacin, bai nuna shi ya fara ba.

Domin a rage irin wannan shaci-faɗi, a 1992 ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta fitar da littafin jagora ga masu bincike, wanda ake kira NFPA 921. A 1993 kuma kotun ƙolin ƙasar ta ɗora wa alƙalan tarayya nauyin tace shaidar masana, kada a bar mutum ya tsaya gaban kotu ya ce kawai shekarunsa talatin yana wannan aiki, ya san abin da ya gani. Sai ya nuna hanyar da ya bi, da yadda ya kawar da sauran abubuwan da za su iya tayar da wutar. Nan lauyan kamfani ke zuba tambayoyi. An duba wayoyin gidan? Akwai mai shan taba? An kunna kyandir ko maganin sauro a daren? Yara suna wasa da ashana? Soket ɗin nan kaya nawa aka jona masa? In masanin mai ƙara ya kasa kawar da waɗannan, alƙali yana iya hana shaidarsa, shari'a kuma ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Lauyan kamfani ba ya buƙatar ya nuna abin da ya tayar da wutar. In aka tashi a kan cewa ba a gano musabbabi ba, shi dai ya ci riba.

Kotuna sun ga wannan zai yi wa mai gida tsauri, sai suka sassauta ta wani gefe. Idan abu sabo ne, ana amfani da shi yadda ya kamata, wuta kuma ta tabbata daga cikinsa ta fito, kuma an kawar da sauran dalilai, ana iya ɗauka yana da aibi ko da ba a iya nuna wace waya ko wane ƙusa ba ne. Sabuwar talabijin ba ta kamawa da wuta haka kawai.

Akwai kuma maganar ƙonannun kayan su kansu. Ƙa'ida ita ce a ajiye su yadda suke, a sanar da kamfani, masanan ɓangarori biyu su hallara kafin a kwance ko ƙusa guda. Wani lokaci har hoton ciki ake ɗauka da irin na'urar da asibiti ke duba karaya, don a ga ko makunnin a kunne yake ko a kashe. Mai gidan da ya share wurin, ya zubar da ƙonannen abin ko ya sayar wa 'yan gwangwan, ya miƙa wa lauyan kamfani makami. Zai ce an hana shi ganin shaida, kuma kotu tana iya korar ƙarar a kan wannan kaɗai.

"Kai Ka Yi Ganganci"

Idan ta tabbata wuta daga kayan kamfani ta tashi, sai lauya ya koma mataki na biyu. Ya ce kayan lafiya suka bar masana'anta, mai shi ne ya yi amfani da su ta hanyar da ba a yi su dominta ba. An shanya rigar jariri a kan hita. An ɗura wa risho kananzir yana ci. Fis ya ƙone, maimakon a sa sabo sai aka naɗa masa waya. An kai wa mai gyara ya cire abin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, domin wai yana damun mutane da kashe kansa. Duk wanda ya sauya kaya daga yadda aka ƙera su, da wuya ya ɗora wa maƙeri laifin abin da sauyin ya jawo.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka. Doka ba ta tambayar abin da kamfani ya so a yi da kayansa kawai. Tana tambayar abin da ya kamata ya hango mutane za su yi. Kujera don zama aka yi ta, amma kowane kafinta ya san wata rana wani zai taka ta ya ɗauko abu a saman kabad. In ta karye da shi, kafinta ba zai ce ai ban yi ta don taka ba. Kuskuren da kowa ya san ana yi, kuma ana iya rage haɗarinsa da ɗan abu kaɗan, ana sa ran maƙeri ya yi tanadinsa. Inda ake fafatawa shi ne, ina iyakar kuskuren da ake hangowa, ina kuma gangancin da ba mai iya tarewa?

Babu shari'ar da ta fito da wannan tambaya fili kamar ta jarkokin fetur. A da akwai wani kamfani mai suna Blitz USA a wani ƙaramin gari da ake kira Mayami a jihar Oklahoma. Shi ne ya fi kowa ƙera jan jarkar roba ta zuba fetur a Amurka, yana sayar da fiye da miliyan 14 a shekara. A jikin kowace jarka an rubuta gargaɗi cewa fetur na da haɗari, a nisanta shi da wuta. Duk da haka mutane suka riƙa tsiyaya fetur daga jarka a kan tarin shara ko itacen da ya ƙi kamawa, jarka ta fashe a hannunsu, su ƙone ƙurmus.

A watan Disamba na 2005, a jihar Yuta, wani magidanci da ke zaune a irin gidan nan da ake ja da mota ya so hura murhun itace na ɗumama ɗaki. Sai ya ɗauko jarkar fetur ya tsiyaya. Wuta ta tashi, gidan ya kama, shi ya ƙone, 'yarsa mai shekara biyu ta rasu. Ya kai ƙarar Blitz.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne, to ina laifin jarka? Abin da lauyoyin kamfani suka tsaya a kai ke nan. Suka ce babu baligin da bai san fetur da wuta ba sa haɗuwa ba. Ga gargaɗi a jikin jarka. Suka kuma kawo hujjar kimiyya. Ba ruwan fetur ne ke ci da wuta ba, tururinsa ne, kuma tururin ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, wato tsakanin kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin ɗari. In ya gaza haka ba ya ci, in ya wuce haka ma ba ya ci. A cikin jarka kuwa tururi ya yi kauri ƙwarai, iska ta yi kaɗan. Don haka, in ji su, wuta ba ta shiga cikin jarka, a waje take kama fetur ɗin da mutum ya watsa da hannunsa.

Lauyoyin masu ƙara ba su musa cewa an yi kuskure ba. Abin da suka ce shi ne, kamfani ya daɗe da sanin mutane na yin wannan kuskure, ga ƙararraki nan suna ta zuwa masa. Kuma akwai maganin abin. Wata 'yar rariya ce ta ƙarfe ko roba mai ƙananan huji da ake sawa a wuyan jarka. Fetur yana wucewa ta cikinta, amma harshen wuta in ya zo shiga, rariyar takan shanye zafinsa ya mutu. Ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1815 wani Bature masanin kimiyya, Humphry Davy, ya kewaye fitilar masu haƙar kwal da irin wannan raga don kada ta kunna iskar da ke cikin rami. Jarkokin ƙarfe na masana'antu sun daɗe da ita. Suka ce da akwai ta, da mutumin ya tsira da 'yar ƙuna a hannu, maimakon jarka ta zama bam a tsakiyar ɗaki.

A Amurka talakawan gari ake zaɓowa su zauna su saurari shaidu su yanke wa ke da gaskiya, alƙali yana yi musu jagora. A 2010 waɗannan mutane suka raba laifin gida biyu. Suka ɗora wa uban kashi 30 cikin ɗari, kamfani kashi 70. Aka zabge kason uban daga diyya, aka ce kamfani ya biya kimanin dala miliyan 4. Wannan rabon laifi shi ne abin da yawancin jihohin Amurka ke bi a yau. A da, wanda ya sa hannu a cutar kansa ko da kaɗan ne, ba ya samun ko kwabo. Yanzu awo ake yi. Shi ya sa lauyan kamfani, ko da ya san ba zai wanke kamfaninsa tas ba, yake dagewa a kan kowane kuskuren mai gida, domin kowane kaso da ya tura masa kuɗi ne ya rage.

Mutane da yawa sun ga wannan hukunci bai yi musu daɗi ba, kuma suna da abin faɗa. Kamfanin ya ce tun daga 1994 an yi ƙararsa sau 62, biyu kawai suka kai ga yanke hukunci, ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya. Sauran ko an kore su ko an yi sulhu. Amma kuɗin lauyoyi kaɗai ya kai wajen dala miliyan 30, kuɗin inshora kuma ya yi ta hawa. A 2011 ya nemi kotu ta shiga tsakaninsa da masu binsa bashi, a watan Yuli na 2012 ya rufe masana'antar, ma'aikata 117 suka rasa abin yi a garin da ba wasu ayyuka ke da yawa ba. Daga baya wani kamfanin Kanada ya sayi wurin ya ci gaba da ƙera jarkoki. Aka kuma tara asusun dala miliyan 161 don biyan waɗanda suka ƙone, wanda babban kantin nan Walmart, da ya sayar da jarkokin da yawa, ya zuba dala miliyan 25 a ciki ba tare da ya amsa laifi ba.

Ita kuwa hujjar cewa wuta ba ta shiga jarka, bincike bai bar ta yadda take ba. Gwaje-gwajen da aka yi a wata kwalejin fasaha da ke garin Worcester sun nuna cewa gaskiya ce a yawancin lokuta, amma ba kullum ba. In fetur ɗin da ya rage kaɗan ne a gindin jarka, ya kuma daɗe a ajiye ƙarfinsa ya ragu, ga sanyi, aka kuma karkata jarkar ana tsiyaya iska na shiga, tururin ciki yakan sirance har ya kai gwargwadon da zai kama. Wato jarkar da ta kusa ƙarewa ta fi cikakkiya haɗarin fashewa, abin da mutane da yawa ba za su zata ba. A ƙarshen 2013 hukumar kula da amincin kayayyaki ta Amurka ta ce tun daga 1998 an sami aƙalla mutuwar mutum 11 da kai mutum 1,200 asibiti a irin wannan haɗari, ta nemi a riƙa sa rariyar. A 2020 majalisar ƙasar ta mai da abin doka, kuma tun daga Yulin 2023 sabbin jarkokin mai da ake sayarwa can sai da abin tare wuta a wuyansu.

Yadda Abin Yake A Najeriya

A nan ma akwai dokar da ta tsaya wa mai saye. Hukumar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992 an maye gurbinta da hukumar FCCPC, a ƙarƙashin sabuwar dokar da aka sa wa hannu a farkon 2019. Wannan doka ta ce wanda ya fitar da kaya masu aibi suka jawo ɓarna, shi ke da alhaki, ko da wanda abin ya shafa ba a hannunsa ya saya ba. Ta kuma ce idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan mai kayan. Ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani a harshe mai sauƙi da zai fahimta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Gargaɗin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙen Turanci ko na Sin a gindin kwali, aka kai shi kasuwar ƙauye, da wuya a ce ya gargaɗi kowa, ko da yake lauyan kamfani zai ɗaga kwalin nan a gaban alƙali ya ce ga shi an rubuta.

Amma doka a takarda daban, samun hakki daban. Kotunan ƙasar nan sun sha korar ƙarar masu saye saboda sun kasa nuna cewa aibin daga masana'anta ya fito, ba a hanya ko a kanti ya shiga ba. Kamfanoni sukan kawo ma'aikacinsu ya bayyana irin tsabta da binciken da ake yi a masana'anta, a ce da irin wannan tsari kuskure ba zai yiwu ba. A 2008 kotun ƙoli ta ba wani mutum gaskiya a kan kamfanin lemo bayan ya tarar da kyankyaso a kwalba, amma sai da ya shafe shekaru fiye da goma yana zarya. Shi kuwa yana da kwalbarsa. Mai gobara aikinsa ya fi haka wuya.

Wata matsalar ita ce, wa za a kai ƙara? Wayar lantarki da soket da caja da yawa da ke kasuwa jabu ne, sunan da ke jikinsu na aro ne. Kamfanin da ke da sunan zai ce ba shi ya ƙera ba, kuma in jabu ne gaskiyarsa. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin irin waɗannan kaya, na gida da na waje, amma ba kowane abu ke bi ta hannunta ba. Inda ba a san maƙeri ba, sai a koma kan wanda ya shigo da kayan ko wanda ya sayar, shi ma sai da rasit ko shaidun ciniki.

Batun jarka kuwa, a nan yawanci ba jarkar fetur ba ce tun asali. Ta man gyaɗa ce ko ta manja aka wanke, aka sayo fetur na janareto ko na injin ban-ruwa aka ajiye a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado. In wannan ta kama, babu kamfanin da za a riƙe, domin ba wanda ya ƙera ta don fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, yana iya kai wa ga murhu ko fitilar ƙwai da ke nesa da jarkar, wuta ta biyo shi ta dawo.

Akwai kuma inda mai gida ba shi da laifi ko kaɗan, amma a ido sai a ga kamar gangancinsa ne. Kananzir na gaskiya ba ya fitar da tururin da zai kama sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa ko a sanyin da ya fi na ƙanƙara yana fitarwa. Idan aka yi wa kananzir algus da fetur, ko aka ɗauko shi a tankar da ba a wanke ba, mace za ta ɗura fitila ko risho yadda ta saba yi shekara da shekaru, ta kyasta ashana, abin ya fashe. Haka ya faru a 2001 a jihar Edo da wasu wurare, inda mutane da dama suka ƙone, wasu suka rasu. A irin wannan shari'a mai sayarwa zai ce ai ta ɗura ne fitila na ci. Abin da zai raba gardama shi ne ragowar kananzir ɗin da ke cikin kwalba ko galan. In an ajiye shi a rufe, ɗakin gwaji zai faɗi ko akwai fetur a ciki, maƙwabtan da suka saya a wuri guda a rana guda kuma su zama shaidu. In an zubar da shi don tsoro ko ɓacin rai, ya rage maganar mai gida da ta mai sayarwa.

Haka ƙonannen risho, da guntun waya, da kan tukunyar gas, da kwali da takardar da suka zo da shi in sun tsira. Hoton wurin da aka ɗauka da waya kafin a share yana da amfani, haka rahoton 'yan kwana-kwana da takardar asibiti. Doka kuma ta yanke wa'adin shigar da ƙara, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. In ya wuce, lauyan kamfani ba ya ko buƙatar ya taɓa maganar wuta, kwanan wata kawai zai nuna wa alƙali.